Daga Jos Zuwa Wase: Wane Dutse Ne Ke Aman Wuta?

Bahaushe bai wahalar da kansa ba wajen raɗa wa duwatsu suna. Wanda ake niƙa a kansa dutse ne, wanda yaro ke ɗauka ya jefi ƙadangare dutse ne, Dala dutse ne, Kufena dutse ne, Kwatarkwashi ma haka. In abin ya yi tsawo ƙwarai a ce tsauni, in ya kwanta ya yi faɗi a ce fa. Shi kuwa wancan da muke gani a talabijin yana feshin wuta da toka, jela kawai aka ƙara masa, aka ce dutse mai aman wuta. Ina jin wannan sunan ne ya sa jama'a da dama suke ɗauka cewa duk wani babban dutse akwai wuta a cikinsa, ranar tashinsa ce kawai ba ta zo ba. A watan Satumbar 2018 da ƙasa ta motsa a Mpape da wasu unguwannin Abuja, a zauren WhatsApp na danginmu har da masu rantsuwa cewa Dutsen Zuma ne ke shirin fashewa. Wata gwaggonmu kwana ta yi tana kiran ɗanta da ke Suleja a waya, wai ya kwaso iyalinsa ya dawo gida.

Zuma ba zai yi aman wuta ba, don ba irin wannan dutsen ba ne. Amma akwai duwatsun da suka taɓa yin aman wuta na gaske a Najeriya, kuma mafi yawansu ba su da kwarjinin Zuma ko kaɗan, mutum zai wuce su a mota bai ko waiwaya ba. Inda ya fi sauƙin ganin bambancin da ido shi ne Jihar Filato, domin a tafiyar kwana uku za ka ga iri-iri, kusan a jere. Na samu wannan damar ne a wani watan Nuwamba, da wata abokiyar aikina 'yar Mangu ta gayyace ni bikin ƙanwarta, muka haɗa hutunmu muka tafi tare.

Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga saman teku, shi ya sa wanda ya taso daga Kano ko Katsina yake fara neman rigar sanyi tun kafin magariba. A gabashin garin tsaunukan Shere suke, inda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Wanda ya shigo ta hanyar Akwanga kuma zai ga Dutsen Riyom, manyan duwatsu a ɗore bisa juna kamar wani ne ya jera su da hannu, har ka ji tsoron kada iska ta ture na sama. Babu wanda ya jera su. Dutse guda ne asalinsa, ya tsattsage, ruwa ya daɗe yana bin tsagogin yana cinye gefe da kusurwa, daga baya ƙasar da ta rufe su ta wanke, suka rage a tsaye haka.

Idan ka ɗauki ɓallin irin wannan dutsen ka duba shi da kyau a rana, za ka ga ɗigo-ɗigo ne: fari, da ja-ja, da baƙi, da wani mai ƙyalli kamar gilashi. Shi ne dai wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, masana suna kiransa giranit. Waɗannan ɗigogin su ne shaidar yadda ya samu. Asalinsa narkakke ne, amma a can cikin ƙasa ya tsaya, bai fito ba, ya yi ta hucewa sannu a hankali na dubban shekaru, har kowane sinadari ya samu lokacin tattaruwa ya yi ƙwaya. Daga baya ruwa da iska suka kwashe abin da ke samansa, shi kuma da yake ya fi maƙwabtansa tauri sai ya rage. Haka Zuma ya samu, haka Kufena da Kwatarkwashi, waɗanda shekarunsu suka haura miliyan 500. Wato ba tasowa suka yi ba, ƙasar da ke kewaye da su ce ta sauka ta bar su. Dala da Gwauron Dutse ma ragowa ne, sai dai su hular marmara ce mai tauri ta kare su daga zaizaya. Duk cikinsu babu mai rami a ciki, babu mai hanyar da ta haɗa shi da wuta. Tun daga sama har ƙasa dutse ne daskararre.

Manyan tsaunukan duniya kuma wata hanyar suka bi. Ɓawon duniyar nan ba guda ɗaya ba ne, ya rarrabu kamar fasasshiyar ƙwarya da aka ɗinke, kuma ɓangarorin suna tafiya, ko da yake tafiyar a hankali take ƙwarai, kusan kamar tsirar farce. Inda biyu suka yi karo sai ƙasa ta tattare ta yi sama, kamar yadda tabarma ke yi in an tura ta jikin bango. Haka Indiya ta daki Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, tsaunukan Himalaya suka tashi. Everest, mai mita 8,849, bai taɓa aman wuta ba, hasali ma duwatsun ƙololuwarsa a ƙasan teku suka samu, har da burbushin halittun ruwa a jikinsu. Amma Kilimanjaro na Tanzaniya, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Afirka da mita 5,895, shi aman wuta ne ya gina shi. Tsawo dai ba ya gaya maka komai, sai ka san asali.

Washegari muka kama hanya, ta Bukuru da Mararrabar Jama'a da Barikin Ladi zuwa Mangu. Hanya ce ta fili, ciyawa ta fara bushewa, ƙauyuka da shingen ƙerana, nan da can tarin duwatsu masu ɗigo-ɗigo irin na Jos. Sai da muka wuce Mangu muka doshi Panyam sannan siffar ƙasar ta sauya. Daga nesa ka fara hango wasu tuddai a tsakiyar fili, kowanne shi kaɗai, zagayayye sumul kamar an kife akushi, wasu kuma an ɗan sare kansu. Babu manyan duwatsu a jikinsu, ciyawa ce da gonaki har kusan sama. In ba an gaya maka ba, cewa za ka yi tudu ne kamar kowane tudu. Abokiyar tafiyata ta nuna su da baki ta ce, "Sista, ga 'yan aman wutar taki nan." A jere suke kusan a layi ɗaya, kuma wanda ya fi suna a cikinsu shi ne na Kerang.

Hawansa bai kai wahalar hawan Kufena ba, amma yana da nasa wayon, don ƙasar tana zamewa a ƙarƙashin ƙafa, ka yi taku uku ka dawo ɗaya. Ba ƙasa ba ce sosai, tsakuwa ce ja da baƙa. Na tsugunna na ɗebi guda, sai na ji ba ta da nauyi, ga ta duk huji-huji kamar cikin masa da ta tashi da kyau. Dalilin ma ɗaya ne da na masar, wato iska. Narkakken dutsen da ke tasowa daga ƙasa cike yake da iska a matse, kamar lemon kwalba kafin a buɗe. Da ya iso sama sai matsin ya saki, ya yi tsartuwa, ya watsu a sararin sama gutsi-gutsi, kowane gutsure ya daskare da kumfarsa tun kafin ya faɗo. Abin da ya faɗo shi ya taru a kewayen ramin ya zama tudun da muke hawa. Wanda bai yi tsartuwa ba kuma ya malala ta gindi ya bi kwari, ya daskare ya zama baƙin dutse mai nauyi, wanda ba za ka ga ɗigo a jikinsa ba sai da ƙyar, don bai samu lokacin yin ƙwaya ba. Zafin irin wannan malalar yakan kai awo 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyos. Mu a asibiti, yaro ya kai 40 hankalin kowa ya tashi.

A saman tudun akwai kwarmi, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ciyawa ta rufe shi. Nan ne bakin. Kuma a nan ne bambancin yake, domin abin da ake kira dutse mai aman wuta, in an bi ta gaskiya, ba tudun ba ne, ƙofar ce, wato hanyar da ta huda daga cikin ƙasa zuwa waje. Tudun amansa ne da ya taru. Ni abin da ya fi tuna min shi ne maruru: kumburin da ake gani daga waje alama ce kawai, ainihin lamarin yana ciki, da kuma ɗan bakin da yake fitowa ta nan. Shi ya sa ake samun aman wuta da babu tsauni ko kaɗan. A ƙasar Aisland, a 'yan shekarun nan, fili ne kawai ke tsagewa narkakken dutse ya yi ta ɓulɓulowa.

Wanda yake son ya san yadda tudun Kerang ya taso, sai ya nemi labarin Parikutin a ƙasar Meziko. A watan Fabrairun 1943 ƙasa ta tsage a tsakiyar gonar masarar wani manomi, hayaƙi da toka suka fara fita. Cikin mako guda tudu ya tashi da ya haura mita 100, kafin ya yi shiru a 1952 ya kai mita 424, ya kuma binne ƙauyuka biyu. Daga nan bai sake motsi ba. Galibin irin waɗannan ƙananan tuddai haka suke, sau ɗaya suke yi a rayuwarsu, hanyar ta toshe, in ma wani zai sake fitowa sai dai ya huda sabon wuri. Na Panyam sun yi nasu tun da daɗewa. A lissafin masana duwatsu yara ne, don ba su wuce 'yan miliyoyin shekarun nan na baya ba, shi ya sa siffarsu ba ta lalace ba, amma babu wani rubutaccen tarihi da ya ambaci tashinsu.

Da muka sauko mun tarar da wani dattijo a bakin gonarsa yana gyaran kunya. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ba ku jin tsoron wata rana dutsen nan ya tashi?"

Ya yi dariya ya ce, "'Yata, kakana a nan ya yi noma, ubana ma a nan. Dutsen nan bai taɓa cin ko akuya ba. Mu muke cinsa."

Gaskiya ya faɗa. Baƙin dutse idan ya ruɓe yakan zama jar ƙasa mai ƙarfi, mai riƙe laima, kuma da ita da sanyin yankin ne suka sa dankalin Turawa da masara suke yi sosai a wannan ɓangaren. Buhunan dankalin da ake saukewa a kasuwannin Kano da Kaduna, da yawansu daga Mangu da Bokkos suke. Ga kuma ruwa: tsakuwar nan mai huji tana shanye ruwan sama kamar soso, ta tace shi, ta sake shi a hankali ta idanun ruwa a gindin tudu. Ruwan gorar nan na SWAN da muka taso muna gani, a Kerang ake ɗura shi. Sai dai a matsayina na ma'aikaciyar jinya ba zan yaba jar ƙasa in yi shiru a kan abu ɗaya ba. A tsaunukan Habasha da na arewa maso yammacin Kamaru, inda ake noma irin wannan ƙasar ba takalmi shekara da shekaru, akwai wani nau'in tundurmi da ba sauro ke kawo shi ba. Ƙananan ƙwayoyin ƙasar ne ke shiga ta fatar ƙafa su toshe hanyoyin ruwan jiki, ƙafa ta yi ta kumbura. Rigakafinsa ba shi da tsada: takalmi rufaffe, da wanke ƙafa da sabulu kowace yamma.

Ba nisa daga Kerang, a wajen Ampang ta Yamma, akwai wani bakin da ruwa ya cika shi ya zama tafki, ana ce masa Pidong. Zagayayye ne, gefensa a tsaye, ruwan shiru kamar an zuba a tasa. Wuri ne mai kyau ƙwarai, kuma akwai irinsa a tudun Biu na Jihar Borno, wato Tafkin Tila. Amma duk wanda ya san labarin Nyos ba zai tsaya a bakin irin wannan tafkin bai tuna shi ba.

Nyos tafki ne a arewa maso yammacin Kamaru, ba nisa sosai da iyakar Najeriya. Shi ma bakin tsohon aman wuta ne, rami mai zurfin mita 200 da 'yan kai, ruwa ya cika shi. Ba tsauni ba ne, ba ya hayaƙi, babu wanda ya taɓa ganin wuta a wurin. Amma daga can ƙasa iskar kabon, irin wadda ke sa lemon kwalba kumfa, tana tsattsafowa tana narkewa a ruwan ƙasan tafkin, nauyin ruwan sama ya danne ta, shekara da shekaru. A daren Alhamis 21 ga Agustan 1986 wani abu ya motsa ruwan, sai tafkin ya buɗe kamar kwalbar da aka girgiza. Iskar ta fito da yawan gaske, kuma da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ba ta yi sama ba, sai ta kwarara ta bi kwaruruka kamar ambaliya, ba launi, ba a ganinta. Ta ratsa ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Mutum 1,746 suka rasu, da yawansu a kan shimfiɗarsu, tare da dabbobi kusan 3,500, galibi shanun Fulani makiyaya. Gidaje na tsaye, itatuwa na tsaye, ko tukunya ba ta fashe ba. Waɗanda suke kan tudu da dama sun tsira. Da gari ya waye, ruwan tafkin ya koma ja saboda ƙarfen da ya taso daga ƙasa. Shekara biyu kafin nan, a 1984, tafkin Monoun da ke ƙasar ya yi irin wannan ya kashe mutum 37.

Yadda iskar ke kisa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ko da ba mu san sunanta ba. Ita ce takan taru a ƙasan tsohuwar rijiya mai zurfi. Mutum ya shiga ya yanke jiki ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ya ceto shi, shi ma ya faɗi, na uku ya bi. Tsofaffin masu haƙar rijiya sukan zura fitila mai wuta tukuna, in ta mutu ba mai shiga. Wannan dabara ce mai kyau, kuma ina roƙon iyaye su koya wa samarinsu: wanda ya faɗi a rami haka kawai ba tare da ya bugu ba, ba a binsa da gaggawa, iskar ramin ce ta kayar da shi.

Kada wannan ya sa a ji tsoron kowane tafki. Sai zurfi mai yawa da maɓuɓɓugar iska a ƙasa sun haɗu kafin haka ta faru, kuma tafkuna uku kaɗai aka sani a duniya da suka tara iska irin haka: Nyos, da Monoun, da Kivu da ke tsakanin Ruwanda da Kwango. A Nyos an kafa bututu a 2001, aka ƙara biyu a 2011, suna zuƙo ruwan ƙasa iskar tana fita kaɗan-kaɗan. Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne bangon da ya tare tafkin ta gefe ɗaya, wanda shi ma tarin amai ne marar ƙwari. In ya karye, ruwan zai gangaro ta Kogin Katsina-Ala zuwa Taraba da Binuwai. Wannan yana daga cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila a ƙaramar hukumar Takum, don ta tare ambaliyar in ta zo, ga kuma wutar lantarki megawat 40 da aka tsara ta bayar. Mutane nawa ne a cikinmu suka san wannan, a cikin masu tsoron Zuma?

Nyos yana kan wani dogon layi ne na aman wuta mai tsawon kusan kilomita 1,600, da ya faro daga tsibiran cikin teku irin su Sawo Tome da Biyoko, ya hau tudu ta Dutsen Kamaru, ya nufi arewa maso gabas har Ngaundere da tsaunukan Mandara da Biu. Dutsen Kamaru, mai mita 4,040 a saman garin Buea, shi kam yana raye. Ya yi amai a 1999, malalar ta gangaro har ta datse hanyar bakin teku a yammacin Limbe, ya sake yi a 2000. Shi ne misalin wanda ya haɗa duka biyun, tsauni ne kuma ƙofa ce. Haka Emi Kusi na Chadi, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Sahara, da Jabal Marra na Darfur, sai dai su sun daɗe da yin shiru.

A rana ta uku, bayan an kai amarya, muka roƙi wani ɗan'uwan abokiyar tawa ya kai mu Wase. Daga Panyam aka bi ta Pankshin, sannan hanya ta fara gangara tana lanƙwasa, kunne yana toshewa, rigar sanyi ta zama kaya. Kafin Langtang mun koma zafin da muka saba. Ƙasa ta miƙe shimfiɗe ba tudu ba kwari, sai can gaba wani abu ya tsaya a sararin sama shi kaɗai, kamar an kafa turmi a tsakar gida. Direban ya ce, "Hajiya, kin gan shi nan kamar kusa, da sauran tafiya." Haka kuwa aka yi, mun daɗe muna tunkararsa yana ƙara girma.

Dutsen Wase ya tashi kusan mita 300 daga filin da ke kewaye da shi, gefensa a tsaye kamar bango, ga garin masarautar a gindinsa. Ba a hawansa haka kawai sai da kayan hawa, shi ya sa tsuntsaye suka mayar da samansa gida. An san shi da kwasakwasa, manyan fararen tsuntsayen nan masu jaka a ƙarƙashin baki, don yana cikin wurare ƙalilan a Afirka ta Yamma da aka san sun taɓa ƙyanƙyasa, har aka ayyana wurin a matsayin mafakar tsuntsaye. Wanda ya ga hoton Wase da na Zuma zai ce 'yan gida ɗaya ne. Ba haka ba ne. Wase maƙogwaron dutse mai aman wuta ne. Da aman ya ƙare, ragowar narkakken dutsen ya daskare a cikin hanyar kamar toshiya a bakin tulu. Tudun da ke kewaye da shi, da yake tarin toka ne da tsakuwa, ruwan sama ya wanke shi tas cikin miliyoyin shekaru, toshiyar ta rage a tsaye. In Allah ya kai duniya, abin da zai rage daga wasu manyan duwatsu masu aman wuta na yau ke nan. Masu zuwa Rumsiki a arewacin Kamaru suna ganin irinsu da yawa, tsaye kamar yatsu.

To in tudun ya tafi, toshiyar ma ta tafi, zaizaya ta ci gaba da ci har ƙasa, me za a tarar? Za a tarar da tukunyar da ta dafa abin, wato inda narkakken dutsen ya taru a ƙasa kafin ya taso, ya huce a hankali ya yi ɗigo-ɗigo. Abin da ke Jos ke nan. Duwatsun Shere da na Jos da Bukuru ba sa'annin Kufena ba ne, ƙanana ne ƙwarai a kansa, shekarunsu kimanin miliyan 160, kuma masana sun nuna cewa saiwoyin manyan duwatsu masu aman wuta ne da suka shuɗe. In an dube su a taswira za a ga da yawansu a zagaye suke kamar zobe, sawun bakin da ya rufta. Kuma ba a Filato kaɗai suke ba. Jeri ne da ya faro daga tsaunukan Azbin a Nijar, inda suka fi tsufa da shekara sama da miliyan 400, ya biyo ta Damagaram da Gure, ya shigo ta Dutse a Jigawa, da Ningi, da Riruwai a kudancin Kano, yana ƙara ƙuruciya yana yin kudu har ya wuce Jos. A Riruwai da Ningi har yanzu akwai ragowar aman kansa a jikin tsaunukan. Wato mutumin Dutse da na Zinder suna zaune a kan tokar murhun da ya mutu tun kafin a yi mutum a duniya, babu abin da zai sake kunna shi.

Daga wannan tukunyar kuza ta fito. Ruwan zafin da ya rage lokacin da dutsen ke hucewa shi ya ɗauko ta ya zuba a tsagogi, daga baya rafuka suka wanke ta suka tara a cikin yashi. Mutanen Riruwai sun daɗe suna narka ta kafin zuwan Turawa, sannan daga farkon shekarun 1900 kamfanonin Ingila suka buɗe haƙa gadan-gadan, Hausawa da sauran ƙabilu suka yi ta tururuwa zuwa bariki-bariki neman aiki, garuruwa irin su Bukuru da Barikin Ladi suka cika.

A hanyarmu ta dawowa, tsakanin Barikin Ladi da Bukuru, na riƙa lura da abin da haƙar ta bari: tarin jar ƙasa, da kududdufai masu ruwa kore shar, wasu har da itatuwa a baki kamar wurin shaƙatawa. Manoman rani suna ban ruwa da su, suna fitar da tumatir da kabeji da karas. Amma ramuka ne masu zurfi, gefensu a tsaye, ƙasansu laka, kuma suna cin mutane, musamman yara da baƙi masu ganin kamar tafki ne na wanka. Duk wanda zai kai iyalinsa yawon buɗe ido Filato, wannan ne abin da zai riƙe hannun yaro a kansa, da kuma santsin duwatsu in an yi ruwa.

Lokacin da ya fi dacewa da tafiyar shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai yi kauri ba, ana hango nesa. A tafi da takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba, da rigar sanyi don Jos da Mangu, da ruwan sha mai yawa don Wase. Yankin Mangu ya sha fama da rikici a shekarun nan, ɓangaren Wase ma yana da nasa matsalar tsaro, saboda haka a tambayi halin da ake ciki kafin a tashi, a tafi da ɗan gari, a gaida mai unguwa kafin a hau kowane tudu, don wasu wuraren suna da alfarma a wurin masu su. Kuma a bar hanya kafin rana ta faɗi.